Kurakuran da aka fi yi game da sinadaran homon, da yadda za a gyara su

A jikin mutum akwai wasu ƙananan gaɓoɓi da ke zuba sinadarai kai tsaye cikin jini, sinadaran da likitoci ke kira homon. Akwai fituwitari a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, amma ita ke ba da umarni ga da yawa daga cikin sauran. Akwai tayirod a gaban wuya, adirinal guda biyu a saman ƙoda, da fankiriyas a bayan tumbi, wadda ke fitar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini. Ƙa'idarsu ɗaya ce: in sinadari ya yi yawa a jini a rage fitar da shi, in ya yi ƙaranci a ƙara. Rashin sanin wannan ƙa'ida ne ke jefa mutane cikin wahala.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne sha-ka-fashe. Biki ya matso, ƙawa ta ce wa amarya, "Ke kam kin rame, mu je kemis." A ba ta dexamethasone ko prednisolone, bayan 'yan makonni kumatu su cika, kowa yana cewa ta murje. Amma duba da kyau. Fuska ta zama kewayayya, ciki ya turo, hannuwa da ƙafafu kuwa sun sirance, ga nankarwa mai faɗi a cinya. A ɓoye kuma jini yana hawa, sukari yana hawa, ƙashi yana rauni. Wannan ba ƙibar lafiya ba ce.

Waɗannan ƙwayoyi kwaikwayon sinadarin kotisol ne da adirinal ke yi. Da fituwitari ta ga jini ya cika da shi sai ta daina aika umarni, adirinal ta kwanta, kamar mai shagon da aka daina ciniki da shi ya rufe ƙofa. Nan kuskure na biyu ke zuwa, kuma ya fi na farko haɗari: mutum ya tsorata ya watsar da maganin rana ɗaya. Wanda ya sha fiye da mako 3 a jere, in ya watsar haka, na iya faɗawa cikin amai, kasala, faɗuwar jini, har rasa rai. Gyaran shi ne a ɗauki kwalin maganin a kai wa likita, a faɗi gaskiyar tsawon lokacin da aka ɗauka ana sha, shi zai riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har gaɓar ta farfaɗo. Man bilicin mai ɗauke da clobetasol ma yana ratsa fata ya yi irin wannan ɓarna, balle a jikin jariri.

Masu ciwon sukari da dama na gudun allurar insulin, wai in aka fara ta to ƙarshe ya zo. Tun 1922 da aka fara yi wa mara lafiya ita a Toronto take ceton rayuka. Wasu kuma da sun ji sauƙi sai su ajiye magani su koma shuwaka da garafuni, da tunanin ɗaci na kashe zaƙi. Awo kaɗai ke nuna matsayin sukari, jin daɗin jiki ba hujja ba ne. In ka ji rawar jiki, gumi da gani dishi-dishi, ko na'urar awon sukari ta nuna ƙasa da 70 mg/dL, alamar sukari ya faɗi ke nan, sha abu mai zaƙi nan take, ko da azumi kake. Insulin kuma ba ta son rana, ba ta son ƙanƙara. Inda babu wuta, a rufe kwalbar cikin roba a binne ta cikin jiƙaƙƙen yashi a tukunyar ƙasa, a inuwa.

Maƙoƙo ba a yi masa tsaga ko sakiya. Sau da yawa ƙarancin aidin, sinadarin da tayirod ke buƙata don yin aikinta, ne ke sa ta kumbura, don haka a sayi gishiri mai aidin, a riƙa rufe shi, musamman a gidan da ke da mai juna biyu, saboda ƙwaƙwalwar jariri na buƙatarsa. Sai dai ba kowane maƙoƙo ne na aidin ba. In akwai bugun zuciya, rama da rashin jure zafi, a yi gwajin jini. Wanda aka ɗora kan levothyroxine, maganin ƙarancin sinadarin tayirod, ya sha da ruwa zalla, aƙalla minti 30 kafin karin kumallo, kuma ya raba shi da maganin ƙarin jini da awa 4.