Kafin Zuma Ta Tashi: Abin da Sabon Mai Kiwo Zai Duba

Amyar da ta fi ƙarfi a cikin naka ita ce za ta fara tashi. Sabon mai kiwo yakan ɗauka wani abu ne ya ɓata wa ƙudajen zuma rai, alhali haka zuma take yaɗuwa. Idan furanni suka buɗe, abinci ya wadata, gida ya cika maƙil, sai tsohuwar sarauniya ta fice da wajen rabin ma'aikata, wani lokaci ma fiye, ta bar wa 'yarta gidan. Kada ka haɗa wannan da ƙaura, inda dukansu suke watsewa su bar amya fayau saboda yunwa, zafi, tururuwa ko yawan takura.

Ranar da ka ga sun turnuƙe sama, an daɗe da gama shawara a ciki. Shi ya sa nake cewa ka riƙe lissafin kwanaki. Daga ƙwai zuwa fitowar sabuwar sarauniya kwana 16 ne. Ana rufe ɗakinta da kaki wajen kwana na 8 ko na 9, kuma galibi a daidai wannan lokacin tsohuwar take tashi, in dai yanayi ya yi kyau. Saboda haka a lokacin yawan fure ka buɗe amya duk bayan kwana 7. In ka bari sai kwana 10, za su iya farawa su gama tsakanin dubawa biyu, ba ka da labari.

Me za ka duba? Ɗaga kowace saƙa ka leƙa gefenta da ƙasanta, ka ɗan busa hayaƙi ƙudajen su matsa, domin sukan lulluɓe abin da kake nema. Ɗakin sarauniya dogo ne, yana rataye bakinsa na kallon ƙasa, kamar kwanson gyaɗa. Ƙananan ƙoƙuna da babu komai a ciki ba su cika tayar mini da hankali ba, zuma tana gina su ko da ba ta da niyyar tafiya. Amma idan ka ga ƙwai a ciki, ko 'yar tsutsa kwance a cikin farin abinci mai kauri, to shiri ya kankama. Haka nan idan suna zuba ruwan fure a ramukan da ya kamata sarauniya ta yi ƙwai, wuri ya ƙure mata ke nan. Ita kanta za ka ga ta ɗan rame, don ma'aikata suna rage mata abinci saboda ta iya tashi.

Tun kafin a kai nan, magani mai sauƙi shi ne ƙarin wuri. Ƙara akwati a sama, ko ka cire saƙar da zumarta ta nuna ka ba su fili.

Idan kuwa ɗakunan sun riga sun samu tsutsa, ƙarin wuri ba ya hana su. Da yawa sukan bi su fasa ɗakunan duka, ni kuwa ban yarda da wannan ba. Cikin 'yan kwanaki za su gina wasu, kuma in aka yi rashin sa'a tsohuwar ta riga ta tafi, ka bar amyar ba uwa ba magajiya. Gara ka raba su da hannunka. Nemo sarauniya, ka ɗauke ta tare da saƙar da take kai, ka haɗa da saƙa biyu ko uku masu 'ya'ya da abinci, ka sa a sabuwar amya. Ka tabbata babu ɗakin sarauniya ko ɗaya a cikinsu. Kakkaɓe ƙarin ƙudaje a ciki, saboda manyan da suka saba fita kiwo za su koma tsohon wuri. A tsohuwar amya ka bar ɗaki ɗaya mai kyau wanda ka ga tsutsarsa da idonka, bayan mako guda ka dawo ka cire waɗanda suka ƙara ginawa. Daga nan ka ƙyale su kamar mako 3, sabuwar ta fito, ta yi barbara, ta fara ƙwai.

To, in sun riga ka? Yawanci ba sa nisa da farko. Sukan dunƙule a wani reshe kusa, daga 'yan sa'o'i zuwa kwana biyu ko uku, masu leƙen asiri suna neman musu mazauni. Thomas Seeley na Jami'ar Cornell ya nuna cewa sun fi son rami mai girman lita 40, don haka akwatin tarko mai wannan girma da guntun tsohuwar saƙa a ciki yana da amfani. Sun cika ciki da zuma kafin su fito, ba su cika faɗa ba, amma ka sa rigarka da ragar fuska. Tara akwati a ƙarƙashi, ka girgiza reshen da ƙarfi sau ɗaya. Idan ka ga wasu a bakin akwatin sun ɗaga gindi suna kaɗa fukafukai, alama ce sarauniya tana ciki, suna kiran saura. Bar shi a wurin har magariba. Wanda ya yi tsayin da sai ka hau tsani mai rawa, haƙura da shi.

Sannan ka koma amyar da suka baro ka rage ɗakunan zuwa ɗaya, in ba haka ba sabbin sarauniyoyi za su yi ta fita da ragowar ƙudajen kashi-kashi.