Yadda Za Ka Zaɓi Lokacin da Ya Dace da Yin Iyo

Yawancinmu ba mu ke zaɓar lokacin iyo ba, zafi ne ke zaɓa mana. Rana ta take tsaka a watan Afrilu, gumi ya jiƙa riga, sai a nufi rafi ko dam. Alhali babu lokacin da ya fi wannan rashin dacewa. Ga yadda za ka tsara abinka.

Da farko, san ruwan da za ka shiga. In wurin iyo ne na otal ko filin wasanni, wanda ake tacewa ana zuba masa kulorin, safiya ta fi, domin ruwan ya kwana ba a dama shi ba, jama'a kuma ba su cika ba tukuna. In kuwa kogi ne, ko kududdufi, ko bakin dam irin Tiga da Challawa, ko magudanar noman rani ta Kadawa, to akwai maganar tsargiya. Ƙwayar cutar a jikin dodon koɗi na ruwa take girma, hasken rana ne kuma ke sa tsutsotsinta fitowa. Sun fi yawa a ruwa daga wajen ƙarfe 10 na safe zuwa 2 na rana, daidai lokacin da yara ke tsunduma. Ta fata suke shiga, ba sai an sha ruwan ba. Shi ya sa za ka ga yaron da ke wuni a rafi yana fitsarin jini, wasu iyayen har su ce alamar balaga ce. Cuta ce, kuma asibiti na da maganinta, praziquantel. Sammako yana rage haɗarin ne kawai, ba ya kawar da shi.

Na biyu, dubi rana. Daga ƙarfe 10 zuwa 4 ta fi ƙuna, sanyin ruwa kuma yana hana ka ji har sai ka fito da ciwon kai da raɗaɗin kafaɗu. Baƙar fata ma tana ƙonewa, balle zabiya, wanda bai kamata ya shiga ruwa a wannan tsakanin ba sam.

Na uku, lissafa da yanayin shekara, don lokaci ɗaya ba ya yi wa watanni 12. Da bazara, shiga tsakanin ƙarfe 7 da 9 na safe, ko ka bari sai bayan sallar la'asar. Da hunturu a juya lissafin: ruwan safiyar Disamba da Janairu yana ɗauke numfashi, yana sandarar da gaɓɓai, don haka jira har yamma ta fara yi, ruwa ya sha rana. Damina ita ce mai wuyar sha'ani. Hadarinmu ya fi haɗuwa da yamma, daga gabas yake tasowa, kuma ba ya jira. Da ka ji cida, fito, kada ka koma sai an yi minti 30 ba a sake ji ba. A kogi kuma, ko sama na garau a inda kake, ana iya yin ruwan sama can inda kogin ya taso, ya cika shi farat ɗaya. In ka ga ruwan ya yi ja yana ɗauko kara da rassa, ranar ba ta iyo ba ce.

Na huɗu, ciki. Wanda ya cika tumbi da tuwo ya ba shi awa ɗaya ko biyu. Wanda bai karya ba ya ɗan sa wani abu, ya sha ruwa, don ana gumi a cikin ruwa ko da ba a lura ba.

Almuru kuwa, ni dai ban ga dalilin shiga ruwa a lokacin ba. Ido ba ya ganin rami ko dutse, wanda ya nutse ba mai hango shi, sauro ya fito. A kogin Neja da Binuwai, lokacin ne dorina ke barin ruwa ta tafi kiwo, ta dawo da asuba, kuma ba ta son a tare mata hanya.

Daga ƙarshe, daidaita lokacinka da na mutane. A wurin iyo na kuɗi, tambayi sa'o'in da mai ceto ke bakin aiki, mata kuma su tambaya ko akwai lokacin da aka keɓe musu. A kogi, bi masunta ko wanda ya san gurbin, ku je ku biyu aƙalla, ɗaya yana ciki ɗaya yana kallo daga gaɓa.