Sayen Kayan Hawan Dutse a Bauchi

1. Fara da takalmi, nan ya kamata kuɗinka ya fi tafiya. Ka je Kasuwar Wunti da la'asar, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka gwada shi da safa mai kauri. Ka bar sararin yatsa ɗaya a gaba, in ba haka ba farcenka zai sha wuya wajen gangarowa daga Dutsen Zaranda. Duba ƙasan takalmin, zanen robar ya zama mai zurfi. Gwanjo ba laifi, sau da yawa ya fi sabon kambas na kwalliya ƙarko, amma ka lanƙwasa shi ka ga ko gam ya saki.

2. Jakar goyo: nemi mai maɗaurin ƙugu, don nauyi ya sauka daga kafaɗa. Sa mai shago ya zuba mata kaya, ka goya ka zagaya. Ja kowane zif.

3. Gorar ruwa. Lita 1 kilo 1 ce, ka lissafa da ita.

4. Tocila, malfa, da rigar sanyi in hunturu ne.

5. Sabon takalmi ka fara yawo da shi cikin unguwa tukuna.