Kafin Ka Sa Hannu a Kan Sauyin Zane

In kai injiniyan gini ne, ɗan kwangila zai kira ka ya ce rodi mai milimita 16 ya yi wuyar samu, a bar shi ya sa mai 12, ai bambancin kaɗan ne. Kada ka amsa a waya. Ɗauki biro ka yi lissafi: faɗin bakin rodi mai 16 kusan murabba'in milimita 201 ne, na mai 12 kuwa 113. An zaftare kusan kashi 44 cikin ɗari na ƙarfen ke nan. Inda zane ya ce huɗu masu 16, sai an sa takwas masu 12, sannan ka duba ko tsakuwa za ta iya ratsa tsakaninsu.

Ka ɗauki kowane sauyi a matsayin sabon zane. Bi nauyin daga inda ya taso har ƙasa, mahaɗa bayan mahaɗa, domin a mahaɗa ake yawan samun matsala. A otal ɗin Hyatt Regency da ke Kansas City a Amurka, zanen farko ya tanadi dogon sandan ƙarfe guda ya riƙe barandu biyu masu rataye, na hawa na huɗu da na biyu. Don sauƙin aiki aka raba sandan biyu, aka rataya barandar ƙasa a jikin ta sama. A takarda kamar ba a taɓa komai ba, alhali nauyin da ke kan notin da ke tallafe da barandar sama ya ninka. Ranar 17 ga Yuli, 1981, barandun suka rufto, mutum 114 suka mutu, daga baya aka ƙwace lasisin injiniyoyin da suka amince da sauyin.

Idan ka ƙi amincewa, ka rubuta. Sa kwanan wata, lambar zanen, abin da aka nema, lissafinka da abin da zai faru in an yi gaban kai. Ka kuma kawo mafita, don "a'a" tsurarta ba ta hana a zuba kankare da dare. Ajiye kwafi a wajenka. Magana ta fatar baki, ranar bincike kowa zai ce bai ji ba.

Haka batun gwajin kankare. Ana fasa samfuri a kwana 7 da kwana 28. In na kwana 7 ya gaza kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin da ake nema, dakatar da ɗora kaya a kan wurin, kada a cire katakon tallafi, a binciki ko an ƙara ruwa a kwaɓin. Sakamakon da bai yi daɗi ba ma yana shiga rahoto yadda ya fito.

In shugabanka ya matsa, kai maganar ga na sama da shi, sannan ga mai aikin. Idan rayuka na cikin haɗari kuma an toshe kunne, hukumar da ke ba da izinin gini ce mataki na gaba. Sirrin kamfani bai kai ran mutum ba.

Wani lokaci kuskuren daga ofishinka yake. A 1978 William LeMessurier, injiniyan da ya zana tsarin ƙarfen benen Citicorp a New York, ya gano cewa mahaɗun ƙarfen benen an ɗaure su da noti maimakon walda, kuma iska mai bugowa ta kusurwa za ta iya kayar da ginin. Ya sake lissafi, ya je da ƙafarsa ya gaya wa masu benen, aka riƙa yi wa mahaɗun waldar farantan ƙarfe da dare har aka kammala gyaran.