Yadda Ake Kula da Agwagwa Daga Saka Ƙwai Har Ta Fito da 'Ya'ya

Shekarar da na fara kiwon agwagi a gidanmu da ke Pantami, cikin garin Gombe, da hannuna na yi asarar 'ya'ya goma sha ɗaya. Uwar ta yi kwanci a bayan randa, na ƙirga mata kwana 21 irin na kaza, na ƙara mata mako guda na uzuri. Da na ji shiru sai na yanke cewa duk baragurbi ne, na kwashe na kai juji. Ina fasa guda da kara, sai ga ɗa da bakinsa da ƙafafunsa, yana motsi. Ranar ko tuwo ban iya ci ba. Da Goggo ta zo daga Deba na ba ta labari, sai ta riƙe baki ta ce, "Haba 'yar nan, agwagwa ai wata guda take yi da kwana biyar. Me ya hana ki aiko a tambaye ni?"

To ki fara riƙe wannan lissafin, don a kansa komai ya ratayu. Agwagwarmu ta gida, mai jan tsiro a fuska, wadda ba ta kuka sai huci, asalinta daga Amurka ta Kudu da ta Tsakiya take, kuma kwana 35 take yi a kan ƙwai. Farar nan ta Turawa mai yawan kwakwazo da ake kira Fekin, ƙwanta kwana 28 yake yi, sai dai ita ba kasafai take zaman kwanci ba. A kan ta gida zan yi magana.

Kafin ta fara saka

Macen agwagwa takan soma saka ƙwai tana da wata shida zuwa bakwai. A nan wajenmu abin ya fi kankama da faɗuwar damina, daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, lokacin da shinge da tana suka fito, ciyawa ta tsiro. Toro ɗaya ya ishi mata huɗu ko biyar. In toraye suka yi yawa, faɗa za su yi ta yi, su wahalar da matan, ƙwai kuma ya fito ba ɗa. Ki sayar da rarar, ko a yanka a sha romo.

Tun yanzu za ki gyara mata ci. Dusa zalla ba ta yin ƙwai mai kyau. Ki haɗa mata da tsakin masara ko dawa, da ɗan garin ƙuli-ƙuli ko soyayyen waken suya, ki dama da ruwa ya yi tuɓus. Ɓawon ƙwan da aka ci a gida kada a zubar: a shanya, a ɗan gasa, a daka, a barbaɗa mata. Shi ke sa ɓawon nata ya yi ƙwari.

Gurbi

Za ki ga ta fara leƙe-leƙe, ta shiga ƙarƙashin rumbu, ta fito, ta kewaya bayan itacen girki. Wurin saka take nema. In kika riga ta shirya mata, kin huta. Fasasshiyar randa da aka kwantar a gefe ta fi komai a wurina, saboda tana riƙe sanyi. Tsohuwar taya ko babban kwando ma sun yi. Ki fara zuba toka a ƙasa saboda ƙuma, ki bi da ɓuntun shinkafa, wanda ba ya wuya a wajenmu tunda ga Dadin Kowa nan kusa, sannan ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa a sama.

Abu biyu za ki duba a wurin. Na farko ya zama tudu. Wanda ya san ruwan Agusta a Gombe ya san yadda tsakar gida ke zama kogi cikin ɗan lokaci, kuma ƙwan da ya kwana cikin ruwa ya tashi daga aiki. Ki ɗora gurbin a kan bulo ko ki yi masa ɗan dandamali. Na biyu inuwa da duhu-duhu. Kada ki sa shi dab da rufin kwano, musamman in kwancin ya faɗo a Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ke kai maki 40.

In kuwa ta riga ki ta zaɓi nata wurin, ki bi ta. Ki yi mata rumfa a nan, ki tare hanyar ruwa, ki kewaye da waya. Agwagwa tana da taurin kai, sau da yawa in an ɗauke mata ƙwai zuwa wani wuri sai ta yi watsi da su. In dole ne a matsar, a yi da dare, a ɗauka har da shimfiɗar.

Kowace uwa da gurbinta. Biyu in suka haɗu a wuri ɗaya, turereniya za su yi ta yi har su fasa rabi.

Lokacin saka

Kusan kullum takan saka guda, galibi da sassafe, don haka kada a buɗe musu akurki sai hantsi ya ɗaga, in ba haka ba a gidan maƙwabta ko cikin kwata za ki riƙa tsintar ƙwai. Duk wanda ta saka, ki rubuta masa kwanan wata da fensir. Wannan ɗan rubutun yana da rana, domin kaji da sauran agwagi sukan saci jiki su ƙara nasu a ciki, kuma ƙwan da ya shigo daga baya ba zai fashe tare da 'yan'uwansa ba.

Kada ki wanke ƙwan ƙyanƙyasa, ko da ya ɓaci. Akwai wani siririn maiƙo a jikin ɓawon da ke toshe ƙofofin da cuta za ta shiga, ruwa kuma wanke shi yake yi. In kashi ya manne, ki kankare a hankali da busasshen tsumma.

Takan tara goma zuwa sha biyar, wata har ta wuce. Ni ba na bar wa uwa fiye da sha biyu zuwa sha huɗu, gwargwadon girmanta. Ki dube ta in ta kwanta: in kina hango ƙwai ta gefen fiffike, sun yi mata yawa. Ki cire mafi daɗewa, da mai tsaga, da wanda ya cika ƙanƙanta, a soya wa yara.

Kwanci

Ranar da kika ga ta tsige lallausan gashin ƙirjinta ta kewaye ƙwan da shi, ta kwana a kai, kika matso ta buɗe baki tana huci, to kwanci ya fara. Ki ɗauki gawayi ki rubuta ranar a bango, ki ƙirga 35 ki rubuta ta biyun a ƙasanta. Kada ki dogara da ƙwaƙwalwa.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure da kyakkyawar niyya. Sai a kife ta da kwando wai kada ta tashi, a tura mata ruwa a gwangwani. Ba haka ake yi ba. Agwagwa tana bukatar ta sauka sau ɗaya a rana, ta ci, ta yi kashi, ta yi wanka. Ki tsaya ki kalle ta wata rana: kafin ta tashi sai ta ja gashin nan da baki ta lulluɓe ƙwan kamar mai rufa wa jariri zane, ta fito da sauri ta faɗa ruwa, ta yi ta watsa shi a baya, ta gyara gashinta, ta koma da ɗan danshi a ƙirji. Danshin nan shi ne sirrin. Shi ke hana fatar cikin ƙwai bushewa ta manne wa ɗan. Saboda haka baho ko daro cike da ruwa, wanda za ta shiga gaba ɗaya, wajibi ne, a kuma sauya ruwan kullum. In ta yi rabin awa ko awa guda a waje kada hankalinki ya tashi, musamman da rana.

Abincinta a ajiye shi ɗan nesa da gurbi, taku biyar ko shida. In yana kusa, shi zai kira tururuwa da ɓera. Da magariba a kwashe ragowar.

A kwana na goma sai ki haska ƙwan. Ki jira ta sauka, ko ki yi da dare. Ki shiga wuri mai duhu, ki manna fitilar waya a ɓangaren mai faɗi, ki dunƙule hannu a kewaye. Mai ɗa za ki ga jajayen jijiyoyi sun bazu kamar saƙar gizo, da ɗan baƙin ɗigo a tsakiya. Wanda haske ya ratsa fes, ba komai a cikinsa. Mai jan zobe ɗaya ba jijiyoyi, ɗan ya mutu. Ki fitar da waɗannan, don baragurbi in ya fashe a gurbi yakan ɓata masu kyau. Wanda kike shakka a kansa ki mayar, ki sake dubawa bayan mako. Ki yi da sauri, kada ki girgiza.

Sauran aikin gadi ne. Gafiya, maciji, muzuru da karen unguwa duk suna son ƙwai, kuma da dare suke zuwa. Ki toshe ramuka, ki rufe bakin wurin da waya mai ƙananan ido bayan isha, ki buɗe da asuba. Toro a raba shi da ita, don yakan bi ta har kan ƙwai. Yara kuma a ja musu kunne. Nawa sai da na yi musu alkawarin kowa zai samu ɗa guda nasa kafin suka daina leƙe.

Ƙyanƙyasa

Daga kwana na 33 za ki iya jin ɗan tsiyu-tsiyu daga ƙarƙashinta, ita kuma ta daina sauka. Ki ƙyale ta. Ɗan agwagwa yakan huda ɓawo ya tsaya ya huta, wani ya yi kwana guda, wani har biyu kafin ya fito. Na san yadda hannu ke ƙaiƙayi a lokacin, amma kada ki ɓare masa. Yana nan yana janye sauran gwaiduwa cikin cikinsa, jijiyoyin jini kuma ba su gama ƙafewa ba. In kika ɓare da wuri jini zai zuba, ki rasa shi. Kada ki riƙa ɗaga uwar don ki ƙirga, duk ɗagawa iska ce ke shiga ta busar da waɗanda suka huda.

Waɗanda ba su fashe ba ki ba su har kwana na 37. In uwar ta fito da 'ya'yanta ta bar sauran, ki kara a kunne, ki haska, sannan ki zubar.

Makonnin farko

Abin da zai ba ki mamaki, ruwa na cikin manyan masu kashe 'ya'yan agwagwa. Gashin da suka fito da shi bai da maiƙon da ke hana jiƙewa sai ɗan abin da suka shafa daga jikin uwa. In suka faɗa baho mai santsi suka kasa fita, sanyi zai kama su su mutu a ciki. Don haka ranar da suka fito, ki ɗauke bahon nan. Ki sa musu ruwa a faranti mai ɗan zurfin da za su tsoma baki har hanci, ki jera tsakuwa a ciki. Rijiya a rufe, bokitin wanki a kife, bakin kwata a tare.

A ranar farko ba su damu da ci ba, gwaiduwar na riƙe da su. Daga nan ki ba su abincin 'yan tsaki na buhu, a ɗan jiƙa. In babu, garin masara mai laushi da dafaffen ƙwai da ɗan garin ƙuli-ƙuli, da yankakken ganyen zogale ko alayyafo, da gara in an samu. Kada ki ba su abincin kaji masu ƙwai, sinadarin ƙashin da ke ciki ya fi ƙarfinsu. Kullum ci da ruwa a gefe, don busasshen gari yakan shaƙe su. Kuma ki shinshina duk abin da za ki ba su. Masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai lalata hanta, kuma a cikin tsuntsayen gida ɗan agwagwa ya fi kowa saurin faɗuwa da ita. Jiƙaƙƙen abinci kada ya kwana.

Mako uku zuwa huɗu na farko ki tsare su da uwarsu a wuri mai rufi. In kin bar ta, da sassafe za ta ja su cikin raɓa, su jeru a bayanta, shirwa da hankaka na sama suna ɗauka ɗai-ɗai. Ragar sauro da ta tsufa ma ta isa rufi. Shimfiɗarsu a sauya da zarar ta jiƙe.

A wannan tsakanin kada ki shigo da sabon tsuntsu daga kasuwa ki haɗa da su. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Najeriya a 2006 ake gargaɗi a kan haka, kuma agwagwa takan ɗauki cutar ba tare da ta nuna alama ba. Baƙo ya yi mako biyu a keɓe. In kin ga mutuwa ta faɗo musu biyu-uku a rana, ki nemi likitan dabbobi, kada ki tsaya jiƙa musu maganin mutane.

Bayan wata guda sai ki fara sakin su da rana in raɓa ta bushe, ki dawo da baho amma ki sa bulo a ciki da waje don hawa da sauka. Gashinsu na gaske ba ya cika sai wajen mako goma zuwa sha biyu. Uwar kuwa za ki same ta ta rame, ƙirji duk ƙashi. Ki ƙara mata ci sosai, tsohuwar shimfiɗar gurbin ki ƙone ta, ki wanke randar ki shanya, ki zuba sabuwar toka. In ta murmure, kafin damina ta ɗauke za ki sake ganin ta tana leƙen bayan rumbu.