Yadda ake dasa itatuwan tare iska a gona ko bayan gida

Masu turo hoton itacen sapin a WhatsApp, wanga mai tsini da Turawa ke yi ma ado lokacin Kirsimeti, suna tambaya ko zai yi a Maradi, gaskiya ku haƙura. Itacen ƙasashen sanyi ne irin su Kanada da duwatsun Faransa, zahinmu na watan Afrilu ba zai bar shi ya kai labari ba. Mu namu da ke da ganye kusan duk shekara shi ne bedi, wato dogon yaro, kuma an gwada an gani, a kwarin Majiya wajen Buza tun 1975 aka fara dasa shi layi-layi don tare ma hatsi iska.

Kafin ka taɓa magirbi ka san inda iskar ke hitowa. Ta hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, guguwar farkon damina mai binne shuka da rairai kuma galibi daga gabas, to sai layinka ya tashi daga arewa zuwa kudu ya gicciye mata hanya. Layi 2 ya fi 1. Bar kamar mita 4 tsakanin itace da itace, na layi na biyu su faɗo daidai tsakiyar na farko, kar su yi sahu ɗaya. Kuma ba katanga ake so ba, iska ta ɗan ratsa ta rage ƙarhi, in ka toshe ta gaba ɗaya tsallakowa take ta faɗo da hushi a bayan layin. Itace in ya girma yana kare wuri kamar ninki 10 na tsawonshi.

Rami kamar santimita 40 faɗi da zurhi, a gauraya ƙasar da taki wanda ya ruɓe sosai, ɗanye gara yake jawowa. Dashe kuwa sai ruwa ya zauna, wajen Yuli, ka je wurin 'yan gandun daji ko masu renon itace ka zaɓi ƙanana masu lahiya, ka yanke ledar ka cire (mutane da yawa da ita suke binnewa wallahi), ka taka ƙasar ka yi mata ɗan gurbi mai riƙe ruwa.

Babban aikin dai awaki ne. Ana sakin dabbobi bayan girbi, in babu shingen ƙaya ko waya to ka yi ma akuyar maƙwabci noma. Aguwa ma tana yin shinge mai kyau, reshe kawai ake kafawa ƙarshen rani. Ranin farko ka riƙa ban ruwa ko sau ɗaya a sati, wanda ya mutu ka maye shi da damina ta gaba, don giɓi ɗaya iska ta nan za ta kwararo.

Kar ka manna bedi da katangar gida ko rijiya saboda saiwa, kuma hatsin da ke gindinshi yakan rage yi, wannan kam sai haƙuri. Tsakiyar gonar ka bar ma gawo wurinshi.