Kurakuran da aka fi yi wajen farfaɗo da ƙasar mahaƙa da takin dabbobi

Babban kuskure, wanda sauran suka tsiro daga gare shi, shi ne zaton cewa taki yana cire guba daga ƙasa. Ƙarafa masu guba da haƙar ma'adini ke bari a ƙasa, irin su dalma da kadmiyum da jan ƙarfe, ba sa ruɓewa kamar ganye. Aikin kashin shanu ko na tumaki shi ne ɗaure su: ruɓaɓɓen taki yana riƙe ƙarfen, sinadarin fosfet da ke cikinsa kuma yana haɗuwa da dalma ta yadda ba ta saurin narkewa a ruwa, sai saiwa ta rage shanta. Amma gubar tana nan. A garin Kabwe na ƙasar Zambiya an rufe mahaƙar dalma tun 1994, har yau ana samun dalma a ƙurar unguwanni da jinin yara. Don haka inda yara ke wasa, ko tsakar gidan da aka taɓa niƙa dutsen ma'adini, sai an kwashe ƙasar sama an kawo mai tsabta.

Da yawa kuma suna zuba taki ba su san gubar da suke yaƙi da ita ba, kuma a nan ne gyara yake zama ɓarna. Tarkacen haƙar zinariya sau da yawa yana ɗauke da wata guba da ake kira asenik. Fosfet ɗin nan da ke ɗaure dalma, shi ne yake ture asenik daga jikin ƙasa ya sake shi cikin ruwa, kashin kaji kuwa fosfet gare shi sosai. Inda aka wanke zinariya da zaiba, abin ya fi ban tsoro: idan taki ya haɗu da zaiba a wurin da ruwa ke kwanciya, ƙwayoyin bakteriya suna mai da ita nau'in da ke taruwa a jikin kifi, daga nan ta shiga jikin mai cin kifin. Maganin wannan shi ne a ɗebi ƙasa daga wurare da dama a filin, a kai ɗakin gwaji kafin a zuba ko kwando ɗaya. Na san kuɗin gwaji yana yi wa mutane nauyi, amma gara wannan nauyin da a gurɓata rijiyar da jama'a ke sha.

Sai batun tsami. Wasu duwatsun da ake tonowa suna da kibiritu, idan suka sha iska da ruwa sai su riƙa fitar da asid, har ma'aunin tsami na pH ya sauka zuwa 3 ko ƙasa da haka, wato tsami ya yi yawa. A irin wannan ƙasa ƙarafa narkewa suke yi, taki shi kaɗai ba zai riƙe su ba. A fara sa farar ƙasa ta noma har ma'aunin ya kusa 6.5, a kuma sake aunawa bayan damina, domin dutsen bai daina fitar da asid ba.

Ɗanyen kashi ma matsala ne. Gishirinsa da amoniyarsa suna ƙone tsiro, ruwan da ke tsatsafowa daga gare shi yana iya kwasar jan ƙarfe ya gangara da shi ƙasa. A tara shi da tattaka ko ciyawa, a riƙa juyawa, ya yi zafi ya huce, har sai ya yi baƙi ya daina wari. A kuma tambayi asalinsa, don abincin kajin gidan gona da na aladu ana ƙara masa jan ƙarfe da zink, dabbar da ta yi kiwo a gefen mahaƙa kuwa kashinta na iya dawo da gubar da ta haɗiya.

Wajen aiki, a yayyafa ruwa kafin a sa fartanya saboda ƙura, a cuɗa takin da ƙasa zurfin santimita 15 zuwa 20, a nisanta yara da mata masu ciki.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne gaggawar shuka abinci da zarar fili ya yi kore. Ganyen miya na iya yin shar alhali yana ɗauke da kadmiyum, shinkafar da ke tsaye cikin ruwa kuma tana jan asenik. A fara da ciyawa mai dogon saiwa irin jema, ko itatuwan da ba a ci, a killace filin kada dabbobi su shiga, domin suna haɗiyar ƙasa tare da ciyawa. Taki yana ci gaba da ruɓewa, musamman a wuri mai zafi, idan ya ƙare sai ya saki abin da ya riƙe. Saboda haka ana ƙara shi kowace shekara, kuma kafin a ci wani abu daga filin, a kai amfanin kansa gwaji tare da ƙasar.